Gidan gonar kakanmu ya shekara 14 a rufe: mu gyara shi ya zama masaukin hutu, ko mu sayar?

Autar Gida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe a nan ina karatu daga gefe, yau ni ma na zo da tawa. Kakanmu ya bar mana gida a ƙauye, a tsakiyar gonarsa. Ginin dutse ne mai kauri, ɗaki tara da falo biyu, a baya akwai sito da tsohuwar bargar dawakai, sai lambu wanda yanzu ya koma kurmi. Tun da mahaifinmu ya rasu, shekara 14 ke nan, ba wanda ya ƙara kwana a ciki. Mu bakwai ne masu haƙƙi: mu huɗu 'ya'yan Baba, da Goggonmu, da 'ya'yan marigayi Baffanmu su biyu.

Makon jiya na je na buɗe. Wallahi sai da na zauna a bakin ƙofa na yi hawaye. Rufin ɓangaren gabas ya lotsa, silin ya rufto a ɗaki biyu, bangon falo ya yi baƙi daga ƙasa har kusan ƙugu, jemagu sun tare a saman silin, wata bishiya ma ta tsiro a jikin bangon kicin. Amma da na fito baranda na hango dutsen nan da rafin da muke wasa muna yara, ba ƙarar mota, ba hayaniya, sai na ce a raina akwai waɗanda za su biya kuɗi su kwana uku a nan. Shi ne nake son a gyara shi ya zama masaukin masu zuwa hutu. Ina da ɗan abin da na tara, har na zaɓi tayil da kalar fenti. Waɗanda suka san harkar, ta ina ake farawa?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan magabata. Ki ajiye tayil da fentin nan tukuna. In kika sa su yanzu, da hannunki za ki ɓamɓare su nan da shekara biyu. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina duba gine-gine, kuma abin da ke cin tsohon gida ruwa ne. Lotsawar rufi, silin, baƙin bango, har bishiyar nan, duk 'ya'yan ruwa ne.

Ga ɗan lissafi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1, lita 1 ne. Gida mai ɗaki tara, rufinsa da wuya ya gaza murabba'in mita 200. Ke nan in aka yi ruwa ɗaya mai ɗan ƙarfi, a ce milimita 25, lita 5,000 ce ke sauka a kan gidan. In indararo ya toshe ko ya karye, jikin bango da gindinsa ruwan nan yake komawa. Ki ninka da damina 14.

Don haka aikin farko ba shi da kyan gani, ba za ki ɗauki hotonsa ki ɗora a Instagram ba. A rufe inda ke yoyo ko da da tampol ne, a ɗaure shi sosai. A share indararo da magudana. A kwashe ƙasar da ta taru a gindin bango har ta sauka kamar santimita 15 ƙasa da daɓen ciki, domin sau da yawa baƙin bangon da kika gani daga nan yake. Bishiyar kuma a sare ta, a kashe kututturen, amma kada wani ya ce zai fizgo saiwar, zai fito da duwatsun bango tare da ita. A buɗe tagogi iska ta shiga. Sannan a bar gidan ya sha iska. Magina na cewa kowane inci na kaurin bango wata guda yake ɗauka kafin ya bushe, kin ga bangon dutse mai kauri zai iya cin shekara ko fiye.

Kafin kowa ya hau sama, a samu injiniyan gini ya duba katakon rufin da ƙarfe mai tsini. Katakon da ɗanshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 shi ne abincin ruɓa da fumfuna, ga gara kuma da ke cinye ciki ta bar fatar waje lafiya lau.

Ɗan Zolaya:
Ni dai tambayata, jemagun nan shekara 14 suna zaune, sun taɓa biyan haya? A fara karɓar bashin nan, ƙila ya isa sayen kwano.

Ɗan Lissafi:
'Yar'uwa, ni zan zama mai baƙin jini a zauren nan: ku sayar. Baranda da rafi ba su biyan albashin mai gadi. Kallon kitse kike wa rogo.

Ki ɗauki biro. Shekara dare 365 ce. Gidan ƙauye galibi ƙarshen mako ake nemansa, to a ce kowane ƙarshen mako na shekara ya cika, ba fashi ko ɗaya, dare 104 ke nan, bai kai kashi 30 cikin 100 ba. Ki ƙara lokutan hutun makaranta, ki cire watannin da hanya ke lalacewa ko yanayi ba ya daɗi. A cikin abin da ya shigo, shafukan da ke kawo baƙi irin su Booking.com da Airbnb suna yankar abin da ya kai kusan kashi 15 kafin ya iso hannunki. Shi kuwa gida, da baƙo da babu baƙo yana ci: mai gadi, mai lambu, inshora, haraji, gyaran famfo, gyaran hanya.

Kuma ƙiyasin gyaran tsohon gida ƙarya yake yi, ba don magini maƙaryaci ne ba, sai don ba wanda ya san abin da ke bayan filasta sai an fasa. Duk adadin da aka ba ki, ki ɗora kashi 20 a kai ki ajiye gefe, ki kuma yi addu'a ya isa. Kuɗin da kika tara, in kika zuba shi a nan, shekara nawa zai yi kafin ya dawo? In amsar ta wuce goma sha biyar, abin da kike yi ba kasuwanci ba ne, hidima ce ga kakanki. Hidimar ba laifi ba ce, amma ki kira ta da sunanta.

Autar Gida:
Baba Injiniya na gode, na ji kunya da zancen tayil ɗin nan. Malam Ɗan Lissafi, maganarka ta yi zafi amma na rubuta ta. Sayarwar ce dai ba na jin zuciyata za ta ɗauka. An taɓa kawo mai saye shekara biyar da suka wuce, ya ce fili kawai yake so, ginin rushe shi zai yi. Ranar ban yi barci ba.

Barista Mace:
Ƙanwata, duk sun yi miki maganar rufi da riba, ni layi ɗaya na gani a rubutunki: “mu bakwai ne”, sannan “ina da ɗan abin da na tara”. Sauran shidan sun sani? Sun yarda? A rubuce?

Ban da tampol ɗin da Baba Injiniya ya ce, wanda ceto ne, kada ki kashe ko sisi sai takarda ta zauna. In kika zuba dukiyarki a kadarar da ba a raba ba, kin gyara wa mutum shida gidansu kyauta. Yau kango ne, ba mai kallonsa. Ranar da ya yi kyau baƙi suka fara zuwa, kowa zai tuna cewa gidan kakansa ne, kuma gaskiyarsa ce. Na ga 'yan'uwan da ba su taɓa sa-in-sa ba sun daina gaisawa a kan irin wannan.

A fara duba sunan da ke kan takardar mallaka. In har yanzu sunan kakan ne, akwai aikin mayar da shi ga magada, kuma shi kaɗai yana iya ɗaukar watanni. A auna iyakar gonar, domin shekara 14 ta isa maƙwabci ya matso da shingensa. A kawo mai kimanta kadara ya faɗi darajar wurin yadda yake yanzu, kafin a taɓa komai, don gobe a iya bambance abin da aka gada da abin da kuɗinki ya ƙara.

Daga nan hanyoyi sanannu ne. Ko ki karɓi hayar wurin daga magada na dogon lokaci, shekara 15 ko 20, kina biyan kowa rabonsa. Ko a kafa kamfani, gidan ya zama jarin kowa gwargwadon haƙƙinsa, kuɗinki ya zama ƙarin hannun jari ko bashi a kan kamfanin. Ko ki sayi rabon masu son fita. Kowacce aka ɗauka, a rubuta yadda mai son fita zai fita, da wanda ke da ikon sa hannu, da abin da zai faru in ɗaya ya rasu, domin bakwai ɗin nan nan da shekara ashirin za su iya zama talatin. Sai izinin sauya gidan zama ya koma masauki, da ƙa'idar kariya daga gobara, da inshorar da za ta ɗauki nauyi in baƙo ya ji rauni. Waɗannan kowace ƙasa da nata tsarin, a tambayi hukumar da abin ya shafa tun kafin a zana taswira.

Mai Cokalin Gini:
Ranka ya daɗe Injiniya, ban ƙi ta taka ba, amma a bar gida shekara guda yana shan iska? Yarinyar nan kuɗi take son gani. Ni birkila ne, shekara 19 ina wannan aiki. A kankare tsohon shafen nan duka, a buga filastar siminti mai ƙarfi ciki da waje, a zuba maganin hana ruwa a kwaɓin, a bi da fenti mai santsi. Wata biyu an gama, ɗanshi ba shi da ƙofar shiga. Haka muke yi kullum kuma ba wanda ya dawo mana da ƙorafi.

Tsohon Injiniya:
Malam birkila, a ginin bulo da siminti maganarka daidai ce, ba ni da ja. Wannan kuwa wani gini ne daban. Siminti irin wanda muka sani, a 1824 wani magini mai suna Joseph Aspdin ya yi masa rajista a Ingila, kuma ya daɗe bayan nan kafin ya kai gidajen karkara. Tsofaffin gine-ginen dutse da farar ƙasa, wato laim, da yashi aka ɗaure su, wasu ma da yumɓu zalla. Irin wannan bango yana shan ɗanshi yana fitarwa, kamar tulu. Ba a gina shi don ya hana ruwa shiga ba, an gina shi don ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita.

In ka lulluɓe shi da siminti ka sa masa rigar leda. Tsohon bango yana ɗan motsi da zafi da sanyi, siminti kuwa ba ya lanƙwasa, sai ya yi tsaga siririya kamar gashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ya hau sama, ya tara gishiri a bayan filasta, ya ruɓar da kan katakon da ke cikin bango. Waje yana sheƙi, ciki yana narkewa. Ba su dawo maka da ƙorafi ba saboda abin yana ɗaukar shekara biyar ko goma, lokacin wani suke kira, irina.

'Yata, ki ɗauki ƙusa ki karci abin da ke tsakanin duwatsun. In ya marmashe, fari-fari ne da 'yan ƙulalai a ciki, farar ƙasa ce, da ita za a mayar.

Mai Cokalin Gini:
To Baba, wa zai yi aikin? Kwaɓin farar ƙasa ba ya kamawa da wuri, sai ka yi shafi ɗaya ka jira kwanaki, kana yayyafa masa ruwa kana rufe shi da buhu kada rana ta ƙona shi. Yaran yanzu ba su iya ba, ni kaina sau biyu na taɓa yi a bayan maigidana. Kuma ɗakin wanka fa? Masu hutu kowa banɗakinsa yake so a cikin ɗaki.

Tsohon Injiniya:
Nan ka kama ni. Ba ya kamawa da wuri domin daga iska yake jan abin da ke taurara shi, a hankali. Kuma masu iyawa sun yi ƙaranci, gaskiya ne. Banɗaki, tankin masai, sokawe, sabon daɓe, duk a yi da siminti, can ne gidansa. Tankin masai dai ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 30, kuma a gangare, ba a sama da ita ba. Amma tunda ka taɓa yi sau biyu, ka fi da yawa. Ni da kai za mu iya zama abokan aiki.

Ɗalibar Zanen Gini:
Ina bin muhawarar nan da daɗi, domin a kanta nake rubutun kammala karatu. Anti Autar Gida, abin da ya samu gidanku ya samu dubban gidaje. A Ingila bayan yaƙin duniya na biyu manyan gidajen karkara sun yi ta faɗuwa: sojoji sun zauna a cikinsu sun bar su a lalace, ma'aikatan gida sun koma masana'antu, harajin gado kuma ya kai kashi 80 cikin 100 a kan manyan dukiyoyi. Magada da yawa rushewa suka yi suka sayar da dutse da katako. Sai a 1974 da gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan ya yi baje koli a kan gidajen da aka rasa, hankalin jama'a ya tashi.

Amma tun 1965 wani mai suna John Smith da matarsa suka kafa Landmark Trust da irin tunaninki: a ceto tsohon gini, a ba masu hutu haya. Yanzu suna da gine-gine kusan 200, kuma da gangan ba sa sa talabijin a ciki, mutane na zuwa ne don ginin da shirun. Akwai nasu guda, Astley Castle, wanda gobara ta cinye a 1978. Ba su yi ƙoƙarin mayar da shi yadda yake a da ba, sabon gida suka gina a cikin kangon, tsohon bango na nan ana ganinsa, sabo na nan ana gane shi. A 2013 ya ci kyautar Stirling, babbar kyautar zanen gini ta Birtaniya. Wannan ra'ayi na a yi gyara ba tare da yi wa tarihi ƙarya ba, tun 1877 William Morris, wani mai zane kuma marubuci ɗan Ingila, yake kiransa, lokacin da ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, kuma shi ma abin da ya fi nanatawa shi ne kula ta yau da kullum, kada a jira sai gini ya faɗi.

Italiya kuma ta bi ta gona. A 1985 suka yi dokar da ta ba manomi damar saukar da baƙi a gidan gonarsa, da sharaɗin noman ya ci gaba da zama ginshiƙi. Faransa ma tun shekarun 1950 suke da tsarin Gîtes de France, na ba masu hutu hayar gidajen karkara. Ke nan kada ki kalli ginin kaɗai, gonar da lambun suna cikin abin da baƙo zai zo dominsa.

Af, Malam Ɗan Zolaya, a Birtaniya doka ce tun 1981 take kare jemagu, 'yan hayar nan naka, ba a taɓa makwancinsu sai da izini.

Ɗan Lissafi:
Ɗaliba, kin kawo hujjata da kanki. Landmark Trust ƙungiyar agaji ce. Kuɗin gyaran farko daga gudummawa da tallafi suke samunsa, kuɗin hayar kuma shi ke riƙe ginin bayan an gama. Wato su da suke harkar tun 1965 ba su dogara da haya ta biya kuɗin ceto ba. Ita wa zai ba ta gudummawa? Ban ce hayar ba za ta riƙe gidan ba, za ta iya. Cewa na yi jarin farko ƙila ba zai dawo ba.

Hajiyar Masauki:
Kun sha bayani, bari mai wankin zanin gado ta yi magana. Shekara takwas ke nan ina riƙe da ƙananan gidajen hutu uku a tsohuwar gonar mijina. 'Yata, gyara yana ƙarewa, masauki ba ya ƙarewa. Baƙo ya fita ƙarfe 11, wani zai shigo ƙarfe 4, a tsakanin nan sai an wanke banɗaki, an sauya shimfiɗa, an duba abin da ya fashe, an kwashe shara. Kowane gado shimfiɗa uku yake buƙata: ɗaya a kai, ɗaya a wanki, ɗaya a kabad. Wa zai yi wannan in kina birni? Wa zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare in famfo ya fashe ko motar baƙo ta maƙale a hanya? In ba ki da amintaccen mutum da ke zaune kusa, wanda za ki biya shi da kyau, ki manta da zancen.

Abin da baƙi ke yabo ko zagi a kai ba shi ne abin da muke zato ba. Na kashe kuɗi a labule, ba wanda ya taɓa ambatonsu. Katifa, ruwan zafi mai ƙarfi, tsabta, da kwatancen hanya na gaskiya, su ne komai. Za su yafe miki tsohuwar ƙofa mai ƙara, har su ce ta burge su. Warin ɗanshi kuwa ba sa yafewa, kuma su rubuta a intanet kowa ya gani. In babu sabis na waya a wurin, ki faɗa ƙarara a talla, masu son haka za su zo, marasa so ba za su zo su ɓata miki suna ba.

Abu biyu da ba na wasa da su. Na ɗaya, na'urar gane hayaƙi da ta gane iskar nan mai guba marar wari da janareta ko hita ko murhun gas ke fitarwa, a kowane gida, kuma janareta ya yi nesa da taga. Na biyu, ruwan da ya kwanta a bututu. In gida ya yi makonni ba kowa, ƙwayar cutar Legionella na hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ita ce ta kashe mutanen da suka halarci taro a wani otal a Filadelfiya a 1976. Tankin ruwan zafi ya kai digiri 60, kuma a saki kowane famfo da shawa su zuba kafin baƙo ya shigo. Wayarin na gidan kuwa kada ma a yi gardama, a zare shi duka a sa sabo.

Shawarata, kada ki fara da babban gida. Kin ce akwai barga da sito. Ki gyara barga ta zama gida ɗaya mai ɗaki biyu, ki koyi sana'ar a kanta shekara biyu yayin da babban ke bushewa. In ta karɓe ki, ki ci gaba. In ba ta karɓe ki ba, asararki kaɗan ce, kuma kun samu inda za ku kwana in kun je.

Baban Walid:
Jama'a ku yi haƙuri, ni ne babban wan mai wannan tambaya. Wani abokina ne ya turo mini, ya ce wannan ba gidanku ba ne? Auta, a zaure zan ji cewa za a mayar da gidan Kaka otal? Ba ki da lambata ne?

Tunda a nan aka fara, a nan zan faɗi tawa. Ba riba ce ta dame ni ba. A ɗakin gabas aka haifi Baba, a nan Kaka ya cika, ina riƙe da hannunsa ina ɗan shekara 16, ke lokacin ba ki yi wayo ba. Littattafansa suna nan a akwati. Ban iya tunanin wani da ban sani ba ya biya kuɗi ya miƙe ƙafa a ɗakin nan, ya ba shi tauraro uku saboda katifa ta yi tauri. Kuma in gidan ya zama na baƙi, mu sai mun duba kalanda kafin mu je gidan kakanmu?

Na san abin da za ki ce, shekara 14 me na yi. Ban yi komai ba, na amsa. Kullum ina cewa baɗi.

Autar Gida:
Yaya ka yi haƙuri, na yi kuskure da ban fara zuwa wurinka ba. Tsoro na ji kada ka kashe maganar kafin in san ko mai yiwuwa ce. Amma Yaya, ɗakin gabas ɗin da kake faɗa, shi ne wanda silin ya rufto a ciki. Akwatin Kaka na ja shi zuwa falo da kaina, littattafan ƙasa sun manne da juna, ba sa buɗuwa. Baƙon da kake gudu bai taɓa ɗakin nan ba, ruwa ne ya shiga, mu kuma muka bar shi. Ban ce sauke mu raba ba, gyara kayanka na ce.

Shugaban Zaure:
'Yan'uwa, magana ta koma ta cikin gida. Masu sharhi a yi hattara, ba a ɗaukar ɓangare. Wanda ke da shawara mai amfani ga su biyun ya kawo.

Barista Mace:
Malam Baban Walid, abin da ka faɗa duka yana shiga takarda, kuma ya fi ƙarfi a can fiye da a zuciya. Ana iya rubuta cewa ɓangaren gabas ba ya cikin haya har abada, makullinsa na hannun iyali. Ana iya ware makonnin da gidan na 'yan gida ne kaɗai, a toshe su a kalanda tun farkon shekara. Kai ne ma ya kamata ka tsaya a kan waɗannan sharuɗɗa a zaman magada.

Hajiyar Masauki:
Ni ma ɗakin surukina a kulle yake, ba baƙon da ya taɓa tambaya. Sai dai in gaya maka gaskiya ɗana, makonnin da iyali ke so su ne makonnin da baƙi suka fi nema, a nan rigimar take. Ku raba tun yanzu. Kuma littattafan nan, kada a sa su a rana, kada a ɓamɓare su da ƙarfi. A shimfiɗa su a inuwa inda iska ke wucewa, waɗanda suka manne a kai wa masu adana takardu.

Tsohon Injiniya:
Ƙarin abu ɗaya kafin wani ya shiga share ɗakin gabas. Kashin jemage in ya bushe ƙurarsa na cutar da huhu, a yayyafa ruwa, a sa takunkumi mai kyau. Silin ɗin da ya faɗo kuma, in irin tsohon allon nan ne mai toka-toka, yana iya zama na asbestos, wanda shi ma ƙurarsa ke cutar da huhu, kada a fasa shi, kada a share shi a bushe, a nemi wanda ya san yadda ake kwashe shi.

Baban Walid:
Ban ce na yarda da otal ba. Barga, wannan zan iya saurara, dawakai ne suka zauna a ciki ba Kaka ba. Rufin gabas kuwa ba sai an jira zaman kowa ba, ni zan sayi tampol, ranar Asabar zan zo da kafinta. Baba Injiniya, in na turo maka hotunan katakon za ka duba mana? Malam birkila, kai ma ka turo mini lambarka ta akwatin sirri.

Auta, tsanin Kaka yana sito. Makullin sito yana wurin wa?

Autar Gida:
Yana wurin Goggo. Kuma ita ma ba ta san da zancen ba. Yaya, kai za ka kira ta?

Baban Walid:
A'a. Ke kika iya rubutu a zaure, ke za ki kira ta. Ki kira da safe, kafin wani ya tura mata kamar yadda aka turo mini.